Kwanta-tashi, Katako, Bel ko Shayi: Wanne Zai Yi wa Tumbi Aiki?

Ana saura mako uku babbar sallah, wani ɗan kasuwar hatsi da na daɗe ina yi wa ɗinki ya kawo shadda yadi goma. Na zagaya masa tef daidai cibiya, na ga inci 42. Na jawo tsohon littafin awo na buɗe masa: bara 40, bara waccan 38. Ya shafa cikin yana dariya, ya ce, "Malam, ai albarkar gero ce." Sai da ya ga yaran shago sun fita sannan ya rage murya. "Tsakani da Allah abin ya fara damuna. Ruku'u ma sai da nishi. Babban ɗana ya ce in riƙa kwanta-tashi ɗari kullum, ƙanina ya ce bel zan saya, ran kasuwar Gujungu kuma na ga mai shayin rage tumbi mutane sun yanyame shi. Wanne zan kama?"

Da safe ina koyar da motsa jiki da kiwon lafiya a firamare, da yamma ina kan keken ɗinki a wani ƙauye kusa da Ringim. Saboda haka ina da abin da aka koya mana a kwaleji a Gumel, ina kuma da abin da tef ke gaya mini kullum. Ni ma na ajiye nawa tumbin, malamin motsa jiki guda, yara suna ƙus-ƙus in na juya baya. Laifin zariya ne da babbar riga. Wando mai zariya ba ya taɓa gaya maka ka ƙaru, sassauta masa kawai kake yi kuna tafiya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya riga ya ga rabin bayanin. A ƙarƙashin fata akwai kitse, a ƙarƙashinsa siririn naman bangon ciki hawa-hawa, can ciki kuma ga wani kitsen ya lulluɓe hanji kamar mayafi. Mutum ma haka yake. Naman bangon nan iri huɗu ne. Akwai na gaba, daga ƙasan ƙirji zuwa mara, shi ne mai gida-gida da samari ke nunawa a waya. Akwai biyu a kowane kwiɓi, sun saƙu a karkace, su ke juya mutum hagu da dama. Na huɗu yana can ƙasansu duka, ya zagaye ciki kamar ɗamara, shi ke riƙe kayan ciki yana tallafar ƙashin baya. Ƙarfafa wannan nama aiki ne guda, narkar da kitsen da ke samansa da na cikinsa wani aikin ne daban. Yawancin kuɗi da wahalar da ake asara a kan tumbi, daga haɗa biyun nan wuri guda suke.

An gwada, ba sau ɗaya ba. A 1984, a Jami'ar Masacusets ta Amurka, an sa wasu maza suka yi kwanta-tashi 5,004 cikin kwana 27, aka auna kitsensu na ciki da na baya da na ɗuwawu. Na ciki bai ragu fiye da sauran ba. A 2011 wasu masu bincike a jihar Ilinoi suka sa mutane motsa ciki iri bakwai, kwana biyar a mako, har mako shida. Naman ciki ya ƙara juriya, kitsen yana nan inda yake. Jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da kake motsawa, daga rumbu ɗaya yake ɗiba, kuma ba kai ke zaɓa masa kusurwar da zai fara ba.

To bari mu fara da biyun da suka fi cancantar a yi gardama a kansu.

Kwanta-tashi kowa ya san shi tun daga filin makaranta: ka kwanta rigingine, wani ya danne maka ƙafa, ka sa hannu a ƙeya ka tashi zaune ka koma. Yana da abin yabo. Ba ya bukatar ko kwabo, yana ƙirguwa, kana jin ciki na zafi ka san ka yi wani abu, kuma naman gaba yana samun rabonsa. Matsalarsa ta fara ne daga inda kafaɗa ta bar ƙasa. Daga nan zuwa zama sosai, ba naman ciki ne ke yawancin jan ba, wata tsoka ce da ta taso daga ƙasan ƙashin baya ta ratsa ƙugu ta kama saman cinya. In an danne maka ƙafa, aikinta ƙaruwa yake. Tana ja, tana matse ƙashin baya, kai kuma kana lanƙwasa shi kana miƙewa sau ɗari. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wasu faya-fayan guringuntsi masu taushi a tsakiya, su ke shan wannan matsi. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Watalu a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana binciken ciwon baya, ya auna matsin da kwanta-tashi ke ɗora wa ƙasan baya ya samu ya kai kwatankwacin kilo 330 da ɗoriya. Ka ce buhun masara uku da wani abu, a kan kwankwasonka, duk tashi ɗaya. Ga kuma jan wuya da hannu, wanda kusan kowa ke yi in gajiya ta zo.

Yanzu ka duba yadda muke wuni. Tela a sunkuye, ɗan acaɓa a sunkuye, mai fartanya a sunkuye, mai wanki da mai shara da gajeriyar tsintsiya a sunkuye. Bayan da ya wuni a lanƙwashe, ka dawo gida ka ƙara masa lanƙwasa ɗari, ka kira shi magani.

Ni na yi, shi ya sa nake da bakin magana. Da na ƙudura zan kori tumbina, kullum in na dawo daga sallar asuba sai in kwanta a kan siminti, in kira ƙaramin ɗana ya zauna mini a ƙafa, in yi ɗari. A mako na uku, wata safiya na sunkuya zan ɗauki buta, na ji wani abu ya riƙe ni a kwankwaso kamar an soka mini tsinke. A nan na tsaya, hannu ɗaya a bango, butar na gabana na kasa kaiwa gare ta. Kwana tara ina sallah a zaune, ɗinkin mutane ya taru. Daga baya na gane har lokacin da na zaɓa ma kuskure ne: faya-fayan nan suna shan ruwa su cika in mutum yana barci, don haka sa'ar farko bayan tashi ita ce mafi muni wajen lanƙwasa baya da ƙarfi. Tef kuwa, bayan duk wannan, ko rabin inci bai rage mini ba.

Na biyun shi ne wanda matasa ke kira filank, wato katako, ni ma katakon nake ce masa. Za ka kwanta rub da ciki a tabarma, ka kafa gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, ka kafa yatsun ƙafa, ka ɗaga jiki gaba ɗaya ya miƙe daga ƙeya zuwa diddige kamar azara. Ka matse ɗuwawu, ka tauraro ciki kamar yaro zai kai maka naushin wasa, ka ci gaba da numfashi. Shi ke nan. Babu motsi. Mai kallo zai ce wasa kake yi, sai ya gwada daƙiƙa ashirin ya ji jikinsa na rawa.

Abin da ya sa na fifita shi: aikin da Allah ya halicci naman ciki ya fi yi a rayuwa shi ne riƙe gangar jiki kada ta karye ko ta murɗe lokacin da hannu da ƙafa ke aiki. Ɗora buhu a amalanke, jan guga, tura baro, duk riƙo ne. Katako wannan riƙon yake koyarwa, naman gaba da na kwiɓi da ɗamarar ciki duka suna aiki tare, baya kuma yana miƙe ba a lanƙwasa shi ba. Sojojin Amurka ma, da suka yi shekaru suna gwada ƙarfin jami'ansu da kwanta-tashi, sun sauya: sojan ruwa suka koma katako a 2021, na ƙasa kuma tun 2022 katako ne gwajin cikinsu.

Shi ma yana da nasa aibin, kada in yi masa kwalliya. Yana da gundura, daƙiƙa talatin a kansa ta fi huɗubar da aka ja tsawo. Kafaɗa tana gajiya kafin ciki ga mai jiki. In ka bari ƙugu ya lotsa ƙasa kamar tsohon gado, ciwon bayan da ka gudu shi za ka tarar. In ka turo ɗuwawu sama kuma, hutu kake yi. Mafi haɗari, mutane suna riƙe numfashi ba su sani ba, wannan kuwa yana harba hawan jini sama a lokacin. Mai hawan jini ya riƙa ƙirga da baki a bayyane, don mai magana dole ya numfasa. Kuma ba gasar daɗewa ba ce. Daƙiƙa goma, ka sauka ka huta kaɗan, ka sake, sau biyar ko shida, ya fi minti biyu da lotsattsen baya. Wanda ya ji nauyi ya kafa gwiwa a ƙasa maimakon yatsun ƙafa, ko ya dafa benci ko bakin gado.

Katako yana da 'yan'uwa biyu da nake haɗa shi da su. Ɗaya na kwiɓi: ka kwanta a gefe, ka dogara da gwiwar hannu ɗaya, ka ɗaga ƙugu, farko da gwiwoyi a lanƙwashe. Ɗaya na rarrafe: hannu biyu da gwiwa biyu a ƙasa, ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ka riƙe, ka sauya, kana ji kamar an ɗora maka kwanon fura a gadon baya kana tsoron ya zube. Wanda kuma ransa ke kan kwanta-tashi, ga rabinsa mai aminci: rigingine, gwiwa ɗaya a lanƙwashe, tafin hannu a ƙarƙashin kwankwaso, ka ɗaga kai da kafaɗa kaɗan kawai, ka riƙe daƙiƙa goma. Waɗannan ukun, na kwiɓi da na rarrafe da rabin tashi, su ne McGill ya shahara da koyarwa ga masu ciwon baya.

Hukuncina tsakanin biyun: in ka haura arba'in, ko kana da tumbi, ko bayanka ya taɓa yi maka gargaɗi, ko sana'arka ta sunkuyo ce, katako da 'yan'uwansa. In kai saurayi ne mai lafiyar baya, kana ƙwallo ko kokawa, kwanta-tashi goma sha biyar ko ashirin a tsanake ba za su kashe ka ba, amma bar batun ɗari, kuma kada kowa ya zauna maka a ƙafa.

Akwai 'yar taya mai mariƙi biyu da ake turawa gaba a durƙushe. Tana aiki sosai, har ta yi yawa. Ba ta ɗan koyo ba ce: wanda bai iya riƙe katako minti ɗaya cikin natsuwa ba, ko bayansa ya lotsa ko haɓarsa ta gaisa da ƙasa. A bar ta sai gaba.

Bel kuwa iri biyu ne, kuma duka biyun ban ga na saya ba. Na roba gumi yake sa ka, gumi kuma ruwa ne, moɗa ɗaya daga randa ta mayar da shi. A zafin watan Afrilu na nan wajenmu, ribarsa ƙurajen zafi. Mai lantarki, mai ɗan girgiza ciki, tun 2002 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kai kamfanoni uku ƙara a kan da'awar cewa belinsu yana narka kitse ya fito da gida-gida. Balle a garin da wuta ke zuwa baƙunta, ka biya kuɗin caji don a yi maka cakulkuli.

Shayin rage tumbi ya fi bel ban tsoro, domin shi cikinka yake shiga. Da yawansu abin da ke aiki a ciki ganyen filasko ne ko danginsa, wanda iyayenmu suka sani tun tuni maganin wankin ciki ne. Ka yi zawo kwana biyu, ciki ya faɗa, ka ce an dace. Abin da ya fita ruwa ne da abinci da gishirin jiki, kitse ko gezau. In aka daɗe ana sha, hanji yana sabawa har ya kasa aiki sai da shi. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin hawan jini ko na zuciya, su nisance shi.

Wani zai ce, "Malam, ni manomi ne, wane motsa jiki kuma?" Da gaskiyarsa, rabi. Matar da ke daka a turmi kullum, da mai jan ruwa daga rijiya gaba ashirin, ba su bukatar in koya musu riƙon ciki. Ɗaukar jarka a hannu ɗaya kana tafiya a miƙe ba ka karkata ba, yana gina kwiɓi fiye da abubuwa da yawa da ake saya. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, a fara da rabi, a riƙa sauya hannu. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: injin niƙa ya karɓi daka, famfo ya karɓi guga, feshi ya rage noma, babur ya karɓi ƙafa har zuwa masallacin da ke bayan gida. Aikin gona kuma na lokaci ne. In an kai amfani gida, wanda ba shi da fadama sai zaman majalisa har ruwa ya sake sauka, amma malmalar tuwo tana nan a girmanta na damina.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke rage tumbin da gaske, wanda babu mai tallarsa a kasuwa don babu abin sayarwa a ciki: tafiya da kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi mai ɗan sa haki, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ke nan, tafiya mai sauri wadda za ka iya magana amma ba ka iya rera waƙa ba. Lissafin yana da ɗaci kaɗan. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci) wajen 7,700, tafiyar kilomita ɗaya kuma 60 zuwa 70 take ci wa babban mutum. Lemon kwalba ɗaya mai santilita 50 yana da sukari kimanin giram 50, ƙaramin cokali 12 ko fiye, wato tafiyar kilomita uku ta tafi a shan minti biyu. Shi ya sa ƙafa ita kaɗai ba ta isa, sai an taɓa kwano. Ban ce a bar tuwo ba, wa zai ji? Malmala uku ta koma biyu, miyar kuka ko zogale ko yakuwa ta ƙaru, wake ya shigo, mai ya ragu a ɗanwake da shinkafa, fura a sha ta ba tulin sukari, shayin mai shayi mai kauri ya zama na wani lokaci. Labari mai daɗi shi ne kitsen nan na cikin hanji, wanda ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini, yana cikin masu saurin amsawa in aka dage da tafiya.

Don sanin inda ka tsaya, awon da likitoci ke amfani da shi a yaren tela shi ne: namiji ya fara hattara daga inci 37, in ya kai 40 abin ya yi nisa; mace daga 31 da rabi, sai 35. Daga jikin Turawa aka samo waɗannan lambobi, shi ya sa na fi son dabarar igiya, wadda ta yi daidai da shawarar da hukumar tsara jiyya ta Ingila ta bayar a 2022, cewa kada zagayen ciki ya kai rabin tsayin mutum: ka yanki igiya daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya a ciki tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. In bakin ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, ratar da ta rage ita ce aikin da ke gabanka.

Mata masu jego nasu zaɓin daban ne, kuma a gidana na koyi wannan. Bayan haihuwa ta biyar uwargida ta ce cikinta ya ƙi komawa, in ta yunƙura za ta tashi daga kwance sai tsakiyarsa ya yi tsini. Juna biyu yana buɗe naman gaba gida biyu, a samu rata a layin cibiya. Mace za ta iya dubawa da kanta: rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ta ɗaga kai kaɗan, ta sa yatsu a saman cibiya. In yatsa biyu ko fiye sun nutse, ko cikin yana tsini, kwanta-tashi da cikakken katako su jira tukuna. Ɗaure ciki da zani da iyaye ke sa wa yana ba da tallafi, ana jin daɗinsa, amma zani ba ya gina tsoka, kuma ba a son a tamke shi har numfashi ya yi wuya. Abin farawa mai sauƙi ne: tana kwance, ta fitar da numfashi a hankali tana jan mara ciki kamar za ta ɗaura zanin da ya yi mata kaɗan, ta riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Bayan arba'in, in jiki ya yarda, sai na rarrafe, sai katako a kan gwiwa. Wadda aka yi wa aiki ta jira sai an duba ta a asibiti an ba ta izini. Ga matan da ba sa fita kuwa, katako ya fi kowa dacewa: tabarma ɗaya, a cikin ɗaki, babu mai gani.

Akwai cikin da ba na motsa jiki ba ne sam. Mai gwaiwa ko kumburi a cibiya ko a matsematsi da ke fitowa in ya yi tari, yunƙuri ƙara masa zai yi. Wanda cikinsa ke girma alhali hannuwansa na ramewa, ƙafa na kumbura, ko ido ya yi rawaya, wannan ba teɓa ba ce, ruwa ne mai yiwuwa daga hanta ko zuciya ko ƙoda. Asibiti zai nufa, ba tabarma ba.

Abin da na tsara wa Alhajin nan mai hatsi bai kai minti goma ba, kwana uku a mako, bayan la'asar ko kafin tuwon dare: katako yana dafe da benci, na kwiɓi a kan gwiwa, na rarrafe, kowanne daƙiƙa goma sau biyar. Sauran kwanakin ya ajiye babur ya taka zuwa gonarsa ya dawo, lemo kuma sai ran Juma'a. Na yanka rigar a kan 42, na bar ɗinkin gefe yadda zan iya cinye inci biyu in bukata ta zo.

Da watan Maulidi ya kawo ɗinkin yara. Kafin in ce komai ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Auna, Malam." Tef ya ce 40 da rabi. Ya ɓata fuska, wai wata uku cur inci ɗaya da rabi kacal. Na tambaye shi ruku'u fa? Ya yi shiru, ya ce gaskiya nishin ya tafi, kuma ranar ya ɗora buhu a mota bayansa bai ce komai ba. Da zai tafi na leƙa waje na ga abin da ya ɗaure buhun dawa da shi a bayan babur: baƙin bel ne na roba, sabo fil.

"Alhaji, ashe sai da ka saya?"

"Tun kafin in zo wurinka," in ji shi, yana tayar da babur. "Amma wallahi yana riƙe buhu."